Wuridin Mai Haƙar Kuza

A Badafi, cikin ƙasar Kiru, an yi wani manomi ana ce da shi Rufa'i. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, amma in ya sa hannu a aiki sai ya ga bayansa. Ubansu ya rasu tun suna samari, ya bar shi da ƙanensa Shitu da tsohuwarsu Kande, wadda duk unguwa ke kira Inna. Da yake Rufa'i ne ɗan fari, tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "kai" ko "wancan". Shitu kuwa auta ne. Shi ake yi wa wasa, shi ake ɓoye wa ƙanzo a ƙarƙashin faifai, har bayan ya yi aure ya ajiye gemu.

Kowace shekara in an gama girbi an cika rumbu, sai 'yan'uwan biyu su saɓa diga da shebur, su bi ta Tudun Wada, su ratsa dajin Falgore, su tafi cin rani Riruwai, inda ake haƙar kuza. Aikin ba na raggo ba ne. Mutum huɗu ko biyar ne za su haɗu su haƙa rami kamar rijiya, in sun tarar da ƙasa mai kuza sai su bi ta a kwance. Ɗaya yana ciki a durƙushe yana sara yana cika guga, na sama suna ja, a kai rafi a wanke. Da ruwa ya sauka kuwa sai kowa ya tattara ya koma gonarsa, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta da amana.

A ranin 1954 suka faɗa kan wata jijiyar kuza wadda ba su taɓa ganin irinta ba. Suna cikin binta sai ruwan farko ya sauka tun lokacinsa bai yi ba, aka wuni ana yi. Washegari wani tsohon mahaƙi mai suna Buba, wanda raminsa ke kusa da nasu, ya leƙa ya ga bangon yana tsattsafo. Ya girgiza kai ya ce, "Samari, ramin nan ya sallame ku. Ku ma ku sallame shi."

Shitu ya dubi wansa ya ce, "Yaya, mu kama hanya. In ruwan nan ya kai gida, shuka na jiranmu."

Rufa'i ya ce, "Yau kaɗai. Mu kwashe abin da ke bakin nan, gobe da asuba mu tafi."

Ranar Rufa'i ne ke da shiga, amma shekaranjiya diga ta sare shi a ƙafa, ƙafar ta kumbura. Shitu ya yi dariya ya ce gurgu ba ya shiga rami. Ya tuɓe riga, ya kama igiya, ya sauka.

Da hantsi, suna jan guga na shida, sai suka ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ba wata ƙara mai yawa aka yi ba, kamar an yar da buhun hatsi ne a cikin ɗaki. Da suka leƙa, rabin ramin ya cike.

Mahaƙa suka taru daga ko'ina. Buba ya sa aka saro doguwar gora aka huda gaɓoɓinta, aka yi ta cusa ta ta gefen wani dutse har ta zurma. Rufa'i ya kara kunne. Sai ya ji muryar ƙanensa, 'yar ƙarama, kamar daga cikin tulu: "Yaya! Yaya, ina nan. Dutse ya danne mini ƙafafu."

Kwana biyu suna haƙa. Duk abin da suka kwashe, sai ɗanyar ƙasa ta gangaro ta mayar. Shitu ya nemi ruwa, suka ɗura ta cikin gorar, ya ce yana jin zubarsa amma hannunsa bai kai ba. A rana ta biyu muryar ta yi sanyi. Ya ce, "Yaya, an yi la'asar?" Rufa'i ya ce an yi. Shitu ya ce to, bari ya yi tasa da ido. Da ya idar sai ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai hira, "Da yanzu mun kai Falgore, ko?" Daga nan bai ƙara kiran Yaya ba, sai Inna. Ya yi ta kiranta har rana ta faɗi, sannan gorar ta yi shiru. Sai a rana ta uku suka ciro shi. A can aka yi masa sutura.

Rufa'i ya dawo Badafi shi kaɗai yana ɗingishi, da rigar Shitu a cikin jaka. Da ya yi sallama ya shiga gida, Inna ta leƙa bayansa, ba ta ga kowa ba. Ya durƙusa a gabanta. Ga Luba matar Shitu tsaye da taɓarya a hannu, ga tasa matar Salamatu a bakin murhu. Duk tsawon hanya ya shirya abin da zai faɗa, amma da ya dubi fuskar tsohuwar sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ƙasa ce ta rufta. Nan take Allah ya karɓi abinsa, ko shurawa bai yi ba."

Inna ta yi salati, ta daɗe kanta a sunkuye, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi da bai sha wuya ba." Maganar da ta riƙe ke nan. Duk wanda ya zo ta'aziyya, har aka yi sadakar arba'in, abin da take ce masa ke nan, auta bai sha wuya ba.

Aka yi shuka, aka shiga noma. A ido Rufa'i lafiyarsa lau, ƙafar ma ta warke. Amma kansa ya zama kasuwar da ba ta tashi. Da ya ta da kabbara sai tunani ya taso: da ta gabas suka fara haƙa, da an tokare bangon da itace, da gorar ta ƙara kamu ɗaya. Sai ya farga yana zaune yana tahiya, bai san raka'a nawa ya yi ba. Ya yi ƙabli, ya yi ba'adi, ya sake sallar, ta biyun ma haka. La'asar ta fi kowacce tsanani. A gona kuwa, sau biyu Salamatu tana kai masa fura ta tarar ya nome kunya guda har da dawar, yana tafe yana motsa baki.

Aka yi masa rubutu ya sha, aka yi turare, babu abin da ya ragu. A ƙarshe limamin unguwa, da ya gaji da ganinsa yana rama salla a kusurwar masallaci, ya ja shi gefe ya ce, "Je ka Dangora ka nemi Malam Ubale masaƙi. Ba ya ba da laya, amma ya san zuciya."

Rufa'i ya tafi ran wata Alhamis. Ya tarar da wani ƙanƙanen tsoho a gindin durumi a ƙofar gidansa, zare a miƙe a gabansa, yana wurga ƙoshiya daga hannu zuwa hannu. Idonsa ɗaya ya yi fari da hakiya. Rufa'i ya tuɓe takalmi ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi damina da mutanen gida.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, zuciyata ce ba ta zama wuri ɗaya. Ko salla ba na iya kai ta ƙarshe."

Malam bai daina saƙa ba. Ya ce, "Ina take zuwa?"

"Ko'ina."

Malam ya dube shi da lafiyayyen idon ya ce, "Ba ko'ina ba. Wuri ɗaya take zuwa. Amma bar shi, ba sai ka faɗa yau ba."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani tsohon carbi da ya yi sulɓi don ja, ya miƙa masa. Ya ce, "Bayan asuba da bayan la'asar, ka zauna inda ka yi salla, ka fuskanci gabas, ka ce Astagfirullah ƙafa ɗari. Kada ka ja ƙwaya sai kunnenka ya ji abin da bakinka ya faɗa. Wuridinka ke nan, ban ƙara maka komai ba tukuna."

"In tunanin ya zo fa?"

"Zai zo mana. In ka farga ka tafi, sai ka dawo kan ƙwayar da ke hannunka. Kada ka zagi kanka, kada kuma ka koma farko." Yana cikin maganar sai zare ɗaya ya tsinke. Ya lashi yatsa, ya lalubo bakin zaren, ya ƙulla, ya ci gaba. Ya ce, "Ka gani? Sau nawa yake yi mini haka a wuni? In na ce sai ranar da bai tsinke ba zan yi zane, ai da tsirara za a yi ta yawo a Dangora."

Rufa'i ya yi godiya ya koma gida. Sai dai shi mutum ne da ya saba da cewa duk abin da ya ƙi, ƙarfi ake ƙara masa. Ya zauna a kan buzu ya cije baki, ya damƙi carbin kamar ƙotar diga. Ƙwaya ɗaya, biyu, uku, kafin ta bakwai ya ga bangon rami yana tsattsafo. Sai ya ji haushi ya kama shi, ya ce wannan ai ba istigfari ba ne, wasa ne da Ubangiji, ya koma farko. Haka zai yi ta yi, rana ta fito, maƙwabta su wuce gona, shi yana nan bai haura goma sha ɗaya ba. Ran nan don tsabar matsa zaren carbin ya tsinke, ƙwayoyin suka watse a tsakar ɗaki, Salamatu ta bi su tana tsinta a cikin ƙoƙo.

Da ya koma Dangora ya ba da labari, Malam Ubale ya ce, "Ni na ce ka koma farko?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Na ga dai ba ta karɓu ba ne."

"Kai ne mai karɓa?"

Sai Rufa'i ya ce ya ji labarin masu shiga halwa, su kulle kansu a ɗaki kwana bakwai ba sa ganin kowa sai zikiri, su fito zuciya a wanke. Yana so Malam ya ba shi izini.

Malam ya ajiye ƙoshiyar. Ya ce, "Halwa ba taka ba ce yanzu. Mai gyambo ba ya shiga dambe. Ka yi ɗarinka, ta karɓu ko ba ta karɓu ba, ka tashi ka je gona."

Amma Rufa'i ya riga ya ƙudurta. Ya ga tsohon dai yana lallaɓa shi ne, shi kuwa ya gaji. Akwai wani tsohon ɗaki kusa da zaure inda ubansu yake ajiye kayan aiki. Ya share shi, ya toshe tagar da tsumma, ya ce wa Salamatu ta riƙa ajiye masa kunu a bakin ƙofa, kada kowa ya yi masa magana. Ya shiga ya ja ƙyaure.

Lokacin marka ce, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Ɗakin ya yi duhu, bango ya sha ruwa, ko'ina warin ɗanyar ƙasa. Wunin farko ya daure. A na biyu, bayan ya idar da la'asar ya ɗauki carbi, sai wani ɗan ɓurɓushin ƙasa ya ɓalle daga bango ya zubo masa a wuya. Ya ce Astagfirullah, ya ƙara ɗaga murya, sai ya ji wata muryar a ƙarƙashin tasa, sarai kamar ya kara kunne a gora: "Yaya, hannuna bai kai ba."

Bai san lokacin da ya banke ƙyauren ba. Ya faɗo tsakar gida cikin ruwa, ya zube a gwiwa yana tonon taɓo da hannu biyu, yana ihu, "Yana da rai! Ku kawo wata gorar! Ku ji, yana magana, yana da rai!" Luba, wadda ke cikin takaba, ta fito bakin ƙofarta ta daskare. Salamatu ta fasa kuka, maƙwabta suka shigo, maza uku suka danne shi kafin ya lafa. Farcensa biyu sun ɓalle. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ba ta motsa ba, kallonsa kawai take yi.

Gari ya ɗauka cewa aljanun duwatsun Riruwai sun biyo Rufa'i. Da ya ɗan sami ƙarfi sai ya koma Dangora, hannuwa a naɗe da tsumma. Wannan karon bai jira tambaya ba. Ya faɗa wa Malam Ubale komai, tun daga gargaɗin Buba, da "yau kaɗai" da ya ce, da kwana biyun, har zuwa ƙaryar da ya yi wa Inna. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Malam ya ce, "Ba zan ce ba ka yi kuskure ba, ka yi. Dattijo ya gargaɗe ka, ƙanenka ya roƙe ka. Amma ajali ba a hannunka yake ba, kada ka ɗora wa kanka sarautar da ba taka ba. Abin da na gani shi ne, kana neman gafara da baki, hannunka kuwa yana danne da ƙofa kada abin da kake neman gafarar a kansa ya shigo. Ina za ka ji kanka?"

"To yaya zan yi in ya zo?"

"Ƙanenka ne, ba ɓarawo ba. Kada ka kore shi, kada kuma ka bi shi cikin ramin. Ka ce, Allah ya jiƙanka Shitu, ka ja ƙwaya ta gaba. In ya dawo ka sake cewa."

Rufa'i ya ce, "Inna fa?"

Malam ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Wannan ta fi ƙarfin ilimina. Ba zan ce ka faɗa ba, ba zan ce ka ɓoye ba. Amma in ta tambaye ka da bakinta, kada ka ɗora wata ƙaryar a kan ta farko."

Rufa'i ya koma ya yi yadda aka ce. Ranar farko sau talatin da wani abu ya yi wa Shitu addu'a kafin ya kai ɗari, yana yi hawaye na zuba a gemunsa. Amma ya kai, karo na farko, ya shafa ya tashi ya tafi gona.

Bayan kwana tara Inna ta aika Salamatu ta kira shi. Da hantsi ne, tana zaune a tabarma tana kaɗi. Ya durƙusa nesa kaɗan. Ba ta dube shi ba, mazari kawai take murzawa.

Ta ce, "Kai, ran nan wa ke da rai?"

Ƙarya uku suka zo masa a lokaci ɗaya, kowacce mai sauƙi. Ya haɗiye su, ya faɗa mata gaskiya.

Ta ce, "Kwana nawa?"

"Biyu, Inna."

"Ya sha ruwa?"

Ya girgiza kai. Mazarin ya tsaya.

Ta ce, "Ya kira ni?"

"Ya kira ki."

Ta ajiye audugar a hankali a cikin ƙwarya, ta gyara zaninta, ta ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Ba ta tsine masa ba, ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta kuma ƙara ta da zancen ba. In ya gaishe ta da safe takan amsa. Sai dai daga ranar ba ta sake taɓa mazari ba. In aka kawo mata ruwa sai ta riƙe modar ta yi ta kallonta, ta ɗan jiƙa leɓe, ta ajiye. Tuwo kuwa loma biyu take yi ta ture akushin. Salamatu ta yi lallashi, ta yi kunun tsamiya, ta yi farau-farau, a banza. Tsohuwar ta yi ta ramewa har zani ya riƙa zagaye ta sau biyu.

Luba ta ji komai daga ɗakinta. Da takabarta ta cika, 'yan'uwanta suka zo daga Bebeji su tafi da ita. Ta durƙusa ta yi wa Rufa'i sallama, ta ce, "Yaya, da gaske ya yi la'asar ɗin?" Ya ce da gaske. Ta ce, "To, na gode," ta ɗauki ƙullin kayanta ta bi su.

Abin da ya fi ci wa Rufa'i rai shi ne, a daidai wannan lokacin zamansa na wuridi ya fara sauƙi. Sallarsa ta daidaita, ya daina rama ta. Wata safiyar sai ya tarar ya ja ƙwaya goma a jere yana jin kowacce. Sannan ya fito daga ɗaki ya ga tsohuwar a zaune da moda a hannu, ya ji kamar kayan da ya sauke ne ya ɗora mata.

Ana girbin gero Inna ta kwanta, kwana shida Allah ya yi mata rasuwa. Rufa'i yana gona lokacin. Salamatu ce a kanta, ta ce maganarta ta ƙarshe ita ce, "A ba shi abinci, tun jiya bai ci ba." Ba ta kama suna ba. Rufa'i ya tambayi matarsa sau da yawa wa Inna take nufi, shi ko Shitu. Salamatu ta ce wallahi ba ta sani ba, kuma ba za ta yi masa ƙarya ba.

Bayan sadakar bakwai ya tafi Dangora. Ko gaisuwa bai kai ƙarshe ba ya ajiye carbin a gaban Malam Ubale ya ce, "Ga abinka, Allah gafarta Malam. Na kashe ɗan, na kashe uwar. Natsuwar da na samu da ranta na saye ta, ba na so."

Malam bai taɓa carbin ba. Ya yi masa ta'aziyya, ya yi wa mamaciyar addu'a. Sannan ya ce, "Ko gaskiyar ce ta kashe ta, ko kwananta ne ya ƙare, ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, kuma ba za ka sani ba a duniyar nan. Ta ji ihunka ran nan, ta kwana tara da shi, ta kira ka ta tambaya. Iyakar abin da na sani ke nan. Ni ma tun da na ji rasuwar nake tunanin ko shawarata ce ba daidai ba."

Rufa'i bai taɓa zaton tsohon zai faɗi haka ba. Ya ɗago kai ya dube shi, ya ga lafiyayyen idon ya yi ja.

Aka kira la'asar. Suka yi alwala daga buta ɗaya, suka yi salla a gindin durumin. Da suka sallame Malam ya zaro nasa carbin ya fara ja, bai ce masa yi ba, bai ce bari ba. Rufa'i ya zauna hannu a cinya yana jin muryar tsohon ƙasa-ƙasa. Can sai ya miƙa hannu ya ɗauki wanda ya ajiye.

Shitu ya zo masa a rai, ya yi masa addu'a ya ja. Inna ta zo da modarta, ya daɗe a kanta, sannan ya ce Allah ya jiƙanki, ya ja. Daga nan sai ya ji bakinsa yana faɗa, kunnensa yana ji, ƙwaya tana wucewa, babu wani abu kuma. Ba daɗi ya ji ba, ba kuma haske ya gani ba. Shiru ne kawai, kamar na gona bayan an tashi aiki. Ya kai ƙwaya ashirin ko fi a haka, sannan ya lura da shirun, da lurar kuwa sai tunani ya dawo. Ya ƙarasa ɗarin da shi.

Malam ya ce, "Ka kwana nan ko za ka koma?"

Ya ce zai koma, dawa ta kusa yanka kuma shi kaɗai ne.

Shi kaɗai ɗin ya girbe gonar da mutum biyu suka saba girbewa. Da aka gama ɗauri ya ware rabon Shitu, dami goma sha ɗaya, ya ari jakuna ya kai wa Luba Bebeji. Ubanta ne ya karɓa a zaure, ya sa masa albarka, ya ce tana gaishe shi. Ba ta fito ba.

A hanyar dawowa la'asar ta riske shi a bakin wani rafi. Ya ɗaure jakunan a jikin tsamiya, ya yi alwala, ya shimfiɗa rigarsa a kan yashi ya yi salla, raka'a huɗu cif. Ya ciro carbi. Sau tara zuciyarsa ta tafi, ciki har da sau ɗaya da ta tafi kan wani jakin da ke ɗingishi, sau tara ya dawo da ita. Ya gama rana tana da sauran gora biyu kafin ta faɗi. Ya kakkaɓe rigarsa, ya duba kofaton jakin ya cire masa ƙaya, ya kora su suka haye rafin.